Wasiƙa zuwa ga Edita: Ƙanƙarar kwamfuta da ƙanƙarar ɗakin gwaji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ra'ayi da yake ƙara samun gindin zama a tsakanin ɗalibanmu na kimiyya, har ma da wasu malamansu. Ra'ayin shi ne, tun da kwamfuta ta yi ƙarfi, ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo, ɗakin gwaje-gwaje ya kusa zama tarihi, domin duk abin da ake son sani game da tsarin wani abu ana iya lissafa shi a zaune. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne, kuma kwaikwayon kwamfuta yana cikin abin da nake koyarwa, saboda haka ba ƙin na'ura ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da nake son nunawa shi ne, tsarin da kwamfuta ta zana ba ya zama ilimi sai an gwama shi da abin da aka auna, kuma ban san wani fage da wannan ya fito fili kamar binciken ƙanƙara ba.

Yawancin masu karatu za su ɗauka ƙanƙara iri ɗaya ce, wato wadda ake rububin saye gab da shan ruwa a watan azumi. Masana suna kiran wannan da suna Ih. A cikinta kowace ƙwayar ruwa, mai oksijin ɗaya da haidurojin biyu, tana riƙe da maƙwabta huɗu, suna haɗa zobba masu kusurwa shida da sarari a tsakiyarsu, shi ya sa nauyinta bai wuce giram 0.917 a kowane kubik santimita ba, kuma shi ya sa take yawo a saman ruwa. Amma idan aka matsa ruwa da ƙarfi, ƙwayoyin sukan sake jeri. Gustav Tammann na Jamus ya samo ƙanƙara II da III a shekarar 1900, Percy Bridgman na jami'ar Harvard ya ƙara V da VI a 1912, sannan VII a 1937, kuma a yau nau'o'in da aka tabbatar sun haura ashirin. Ƙanƙara VI tana daskarewa a zafin ɗaki idan matsi ya kai kimanin sau 10,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Ƙanƙara VII kuwa tana iya zama daskararriya a zafin da ya wuce na tafasar ruwa, kuma a 2018 aka ba da rahoton samunta a kulle cikin duwatsun daimon da suka fito daga can ƙarƙashin ƙasa, ciki har da na Botswana. Ana kyautata zaton irin waɗannan nau'o'i ne suke shimfiɗe a cikin Ganymede, babban watan duniyar Jupita, wanda kumbon Turai mai suna Juice ya nufa tun watan Afrilun 2023. Duk wanda zai fassara abin da kumbon zai aiko, sai ya dogara da sanin tsarin waɗannan ƙanƙara.

Bari in fara da yadda ake gani a ɗakin gwaji, domin mutane suna tsammanin akwai wani madubi da ake leƙawa a ga ƙwayoyin a jere, alhali babu shi. Ana zuba ruwa a ɗan kofi na ƙarfe mai laushi, a sa shi cikin silindar baƙin ƙarfe, a danna da fistin har matsin ya kai inda ake so, a sanyaya, sannan a kai shi sanyin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, kafin a sassauta matsin. A irin wannan sanyi ƙwayoyin ba su da kuzarin komawa jerinsu na asali, sai ƙanƙarar ta zauna yadda aka matsa ta. A cikin ruwan naitirojin ake niƙa ta, a cikinsa ake ɗura ta a gwangwanin awo, domin da zarar ta ɗumama za ta kumbura ta koma ƙanƙarar da muka sani, wahalar da aka sha ta tashi a banza. Daga nan sai a haska mata eks-re ko niyutiron, hasken ya watsu ta kusurwoyi daban-daban, na'ura ta zana layuka dogaye da gajeru. Wuraren da layukan suka faɗo su ne suke nuna girman ƙaramin akwatin da yake maimaituwa a cikin ƙanƙarar, tsawonsu kuma yana nuna inda kowane atom yake zaune. Da eks-re Barclay Kamb na Caltech ya warware tsarin ƙanƙara II a 1964, da na VI a 1965, da na V tare da abokan aikinsa a 1967. Sai dai eks-re elektiron yake gani, haidurojin kuwa elektiron ɗaya tak gare shi, don haka kusan ɓoye yake. Wannan ne ya sa ake komawa ga niyutiron a cibiyoyi irin su ILL da ke Grenoble a Faransa, da ISIS kusa da Oxford a Ingila, da J-PARC a Japan, kuma a can ɗin ma yawanci da ruwa mai nauyi ake aiki, wanda aka maye haidurojinsa da diyuteriyom, wato wani nau'in haidurojin mai nauyi, saboda haidurojin na yau da kullum yana cika awon da hayaniya.

Ita kuwa kwamfuta ba ta san ruwa ba sai abin da aka gaya mata. Mutum ne yake rubuta mata samfuri: nawa ne cajin lantarkin kowane ɓangare na ƙwayar, a ina aka ajiye shi, kuma da wane ƙarfi ƙwayoyi biyu suke ture juna idan sun matso. Daga nan sai ta bi dokokin motsi na Newton taki bayan taki, kowane taki kimanin kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Aneesur Rahman, haifaffen Hyderabad ta Indiya, shi da Frank Stillinger ne suka fara bin motsin ruwa ta wannan hanya a 1971 da ƙwayoyi 216. Abin da ake gwamawa da awo shi ne nauyin ƙanƙarar, da tsawon gefunan akwatinta, da tazarar da ke tsakanin oksijin da maƙwabcinsa, wadda a ƙanƙara Ih take kusan nanomita 0.276 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), da kuma taswirar da ke nuna a wane zafi da wane matsi kowane nau'i yake juyewa ya zama wani.

Tun kafin kwamfuta, lissafi da awo sun taɓa haɗuwa a kan ƙanƙara haɗuwar da har yau ake koyar da ita. A 1933 Bernal da Fowler suka shimfiɗa ƙa'idoji biyu, cewa kowane oksijin yana da haidurojin biyu a kusa da shi, kuma tsakanin kowane oksijin biyu maƙwabta haidurojin ɗaya ne kawai. Linus Pauling ya lura a 1935 cewa hanyoyin cika waɗannan ƙa'idoji suna da yawan gaske, don haka ƙanƙara za ta riƙe wani hargitsi ko da an kai ta ƙarshen sanyi, ya kuma lissafa shi da alƙalami ya samu 3.37 a ma'aunin da masana ke amfani da shi. Giauque da Stout suka auna a 1936 suka samu kimanin 3.4. A 1957 Peterson da Levy suka haska niyutiron a kan ƙanƙarar ruwa mai nauyi, sai awon ya nuna rabin atom a nan, rabi a can, a kan kowane ɗauri. Babu rabin atom a duniya. Abin da na'urar ta gani matsakaici ne na ɗimbin ƙwayoyi, wasu sun juya nan wasu sun juya can. Kwamfuta kuwa dole ta zaɓi jeri guda ta ɗora kowane atom a wurinsa. Wanda bai fahimci wannan bambanci ba zai ajiye hotuna biyu gefe da gefe ya ce sun dace ko sun saɓa, alhali tun farko ba abu ɗaya suke nunawa ba.

Jarrabawa mai tsanani ta zo ne daga jami'ar Complutense ta Madrid, inda Carlos Vega da José Abascal da Eduardo Sanz da abokan aikinsu suka ɗauki samfuran ruwa da duniya ta fi amfani da su, suka lissafa musu taswirar ƙanƙara a 2004 da 2005. Sakamakon ya isa ya sa kowane mai kwaikwayo ya shiga taitayinsa. Samfurin TIP3P, wanda aka yi dubban bincike da shi a kan sunadaran jiki da magunguna, ƙanƙararsa tana narkewa a kusan digiri 127 ƙasa da sifili. Ta SPC/E tana narkewa a 58 ƙasa da sifili, ta TIP4P a 41 ƙasa da sifili. Abin da ya fi wannan muni, a TIP3P da SPC/E, idan matsin iska na yau da kullum ne, ƙanƙara II ce ta fi zama daram, ba Ih ba, wato a duniyar waɗannan samfura ƙanƙara za ta nutse a ƙasan randa. Samfurin TIP5P ya ba da zafin narkewa kusan daidai, digiri ɗaya sama da sifili, amma shi ma ya fifita ƙanƙara II, taswirarsa ta watse. TIP4P kuwa, duk da kuskuren digiri 41, shi ne ya fitar da siffar taswirar daidai, Ih da II da III da V da VI kowace a yankinta. Da lamba ɗaya aka duba, da an ba TIP5P kambu, an yar da wanda ya fi kama gaskiya. Dalilin bambancin ma an gano shi, yana da nasaba da inda aka ajiye cajin lantarki na nagatif a jikin ƙwayar, ko a kan oksijin ko a ɗan gaba da shi ta wajen haidurojin.

Na ga irin wannan da idona a wajen wani ɗalibi mai ƙwazo. Ya gina ƙanƙara Ih a allon kwamfutarsa, jajayen ƙwallaye da farare a jere gwanin sha'awa, ya saita sanyi a digiri goma ƙasa da sifili, ya bar gefe guda na ƙanƙarar yana taɓa ruwa, ya tafi. Da ya dawo sai ya tarar zobban sun rushe, komai ya zama ruwa. Har ya fara rubuta bayanin sabon abin da ya gano, alhali samfurin da manhajar ta zo da shi ne ya ɗauka bai duba ba, kuma a wajen wannan samfuri digiri goma ƙasa da sifili zafi ne mai narkarwa. Babu abin da ya lalace a kwamfutar, ta yi daidai abin da aka umarce ta.

Mutanen Madrid sun gyara lambobin, suka fitar da TIP4P/Ice da TIP4P/2005, duka a shekarar 2005. Na farkon yana narkewa a kusan digiri ɗaya ƙasa da sifili, na biyun a kusan 21 ƙasa da sifili amma ya fi kama halin ruwa mai gudana. A nan akwai tarkon da nake yawan jan kunnen ɗalibai a kansa. TIP4P/Ice an daidaita shi ne da gangan domin ya ba da zafin narkewar, saboda haka in ya ba da shi ba hujja ba ce. Telan da ya auna mutum sannan ya ɗinka masa riga, idan rigar ta zauna ba a cewa ya yi duba. Ainihin jarrabawa tana wajen abin da ba a nuna wa samfurin ba, kuma a can ake ganin iyakarsa: a ƙanƙara VII da VIII waɗannan samfura sukan kauce sosai, kuma da yake ƙwayarsu kafaffiya ce ba ta tankwaruwa ba ta karyewa, ba za su taɓa fitar da ƙanƙara X ba, wadda a cikinta haidurojin yake komawa tsakiyar oksijin biyu idan matsi ya haura kimanin sau 600,000 na iska.

Wani zai ce to a bar samfuran hannu, a koma ga lissafin da yake bin elektiron kansu bisa ƙa'idar kwantum, wanda ake taƙaita sunansa da DFT. Shi ma an gwada shi. A 2011 Biswajit Santra da abokan aikinsa suka nuna cewa sigar da aka fi amfani da ita, PBE, tana kumbura bambancin kuzari tsakanin ƙanƙara Ih da VIII har ya ninka wanda Edward Whalley na Kanada ya fitar daga awo a 1984 fiye da sau biyar, domin ta yi watsi da wani ɗan jan juna mai rauni da ke tsakanin ƙwayoyi, wanda tasirinsa yake ƙaruwa idan sun cunkushe. Bambancin Ih da II kuwa ƙanƙani ne ƙwarai, har ƙaramin kuskure ya isa ya kifar da jerin gaba ɗaya. Sannan haidurojin kansa ba shi da nauyi, har ba ya tsayawa wuri guda yadda lissafin Newton yake ɗauka. Shaida a kan haka ita ce, ƙanƙarar ruwa mai nauyi ta ɗara ta ruwan yau da kullum girma da kimanin kashi ɗaya cikin dubu, saɓanin abin da aka saba gani a sauran abubuwa, kuma sai a 2012 lissafi ya yi wa wannan gamsasshen bayani. Ruwa mai nauyi yana daskarewa a digiri 3.8 sama da sifili. Duk wanda ya kwaikwayi ruwan yau da kullum, ya gwama da awon niyutiron da aka yi da mai nauyi bai faɗa ba, ya ɓoye wa mai karatu wani abu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙanƙara XV, kuma zan so masu karatu su bi ni a hankali. Ƙanƙara VI tana da raga biyu da suka ratsa juna ba tare da sun ɗauru ba, akwatinta yana ɗauke da ƙwayoyi goma, kuma haidurojinta a hargitse suke kamar na Ih. Masana sun san cewa idan aka sanyaya ta sosai ya kamata haidurojin su zaɓi jeri guda, sai dai sanyin yana daskarar da su kafin su kai ga zaɓin. Jeri 45 ne mabambanta suke yiwuwa a cikin wannan akwati. A 2005 da 2006 ƙungiyoyi biyu suka lissafa su da DFT, duka suka tsaya a kan amsa ɗaya, cewa jerin da zai yi nasara shi ne wanda ƙwayoyin suke karkata gefe guda, har ƙanƙarar ta samu kai da gindi ta fuskar lantarki. A 2009 Christoph Salzmann da Paolo Radaelli da Erwin Mayer da John Finney suka ɗiga ɗan asid a cikin ruwan domin ya saki ƙwayoyin su iya juyawa, suka sanyaya a hankali har ƙasa da digiri 143 ƙasa da sifili, suka kai wa niyutiron a ISIS. Awon ya nuna akasin hasashen: karkatar ragar farko tana soke ta biyu, ƙanƙarar ba ta da kai ba ta da gindi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake girmama wannan fage. Masu lissafi ba su share maganar ba, sun koma da hanyoyi masu tsada da suka fi DFT zurfi. Wani bincike na 2013 ya goyi bayan awon, wani na 2014 ya sake fifita jerin farko, ya kuma nuna cewa amsar tana iya danganta da yanayin lantarkin da ke kewaye da ƙanƙarar yayin da take girma, abin da lissafin farko bai kula da shi ba. Masu awo su ma sun yarda cewa ƙanƙararsu ba ta gama jeruwa ba, da sauran hargitsi a cikinta. Ana cikin haka sai ƙungiyar Thomas Loerting ta Innsbruck a Ostiriya ta ga alamun wani jeri na biyu a 2018, idan aka sanyaya ƙanƙara VI ɗin a matsi mafi girma. A 2021 ƙungiyoyi uku, daga Ostiriya da Japan da Ingila, suka wallafa bayanin wannan nau'i da aka raɗa wa XIX, kuma ba su yi ittifaƙi a kan tsarinsa ba. A ganina, da an tsaya a kan lissafin 2006 da an koyar da ɗalibai kuskure, da kuma an ɗauki awon 2009 a matsayin ƙarshen magana da ba a ci gaba da tono har aka kai ga XIX ba. Saɓanin da ke tsakaninsu shi ne ya yi aikin.

Adalci ne in faɗi inda kwamfuta ta riga kowa. Tun 1988 Demontis da LeSar da Klein suka ga a kwaikwayonsu cewa a matsanancin zafi da matsi oksijin zai tsaya a jere, haidurojin kuma ya riƙa gudana a tsakaninsu kamar ruwa, wani binciken na 1999 ya ƙarfafa hakan. Sai bayan shekara talatin Marius Millot da abokan aikinsa na cibiyar Lawrence Livermore suka daki ɗigon ruwa da hasken leza a Rochester ta Amurka, matsi ya haura sau miliyan na iska, zafi ya kai dubban digiri, suka ɗauki awon eks-re cikin 'yan kasoshi na biliyan na daƙiƙa, suka wallafa a 2019, aka sa mata suna XVIII. Da ita ake ƙoƙarin bayyana baƙon maganaɗisun duniyoyin Yuranus da Naftun. Haka nan a 2008 masana a Okayama ta Japan suka yi hasashen wata siga ta ƙanƙara VII da ƙwayoyinta suke zaune a wurarensu amma suna juyi, aka tabbatar da ita a Grenoble a 2025 ƙarƙashin jagorancin Livia Bove. Ko a nan, awon ya yi wa hasashen gyara, domin ya nuna ƙwayoyin tsalle suke yi daga wata fuska zuwa wata, ba juyi sakaka ba kamar yadda aka zata da farko. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma a duka biyun ba a ɗauki maganar a matsayin tabbatacciya ba sai da aka gani.

Awo shi ma yana ruɗin mai shi. Tun 1943 ake maganar ƙanƙara Ic mai siffar kubik, kusan shekara saba'in ana rubuta ta a littattafai, alhali layukanta ba su taɓa zama daidai da abin da tsarin ya kamata ya bayar ba. Kwaikwayon kwamfuta yana cikin abin da ya taimaka aka gane, wajajen 2011 da 2012, cewa abin da ake riƙe da shi cakuɗa ce, shimfiɗar kubik da ta mai kusurwa shida suna hawa kan juna ba tsari. Tsantsar Ic ba a same ta ba sai a 2020, lokacin da ƙungiyoyi biyu, ta Italiya da ta Japan, kowace ta bi tata hanyar ta isa gare ta.

Sauran maganar ita ce ta yawa. A 2018 masana daga Cambridge da Lausanne suka tace dubun-dubatar tsare-tsaren ƙanƙara da kwamfuta, waɗanda duk suna yiwuwa a takarda. Amma kwamfuta ba ta faɗin hanyar da za a bi a isa gare su, kuma wasu nau'o'in ta hanyar da ba a zata ba suka zo. Ƙanƙara XII ta ɓullo a 1998 a yankin da ya kamata V ta mallaka. Ƙanƙara XVI, mai nauyin giram 0.81 kacal a kowane kubik santimita, an same ta ne a 2014 bayan ƙungiyar Werner Kuhs ta Göttingen ta zuƙe iskar niyon daga cikin kejin ƙanƙarar da ke riƙe da ita. A 2023 aka girgiza ƙanƙara da ƙwallayen ƙarfe a cikin tsananin sanyi a Landan, aka samu wata mara jeri mai nauyin giram 1.06, sannan masu kwaikwayo suka shigo domin bayyana abin da ya faru. Ita ƙirƙirarriyar basirar da ake tinƙaho da ita, daga lissafin DFT take koyo, kuma takan gaji kurakuransa. Wata taswira mai kyau da aka fitar da ita a 2021 ta kama yawancin nau'o'in, amma zafin narkewarta ya zarce na gaskiya da kusan digiri 40, kuma ƙanƙara III ba ta samu yankinta ba. Marubutan da kansu suka bayyana inda suka saɓa da awo, kuma wannan ɗabi'a ce nake fata ɗalibanmu su ɗauka.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni a nan gida shi ne, mu ta ɓangaren kwamfuta muka fi samun ƙofa. Har yanzu babu babbar na'urar hasken sinkurotiron, mai fitar da eks-re mai ƙarfi domin irin wannan awo, a nahiyar Afirka, ta kusa da mu a gabas ita ce SESAME ta ƙasar Jodan da aka buɗe a 2017. Na'urar nukiliyar bincike da ke Zariya, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, wadda take aiki tun 2004, an gina ta ne domin gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci, ba domin irin wannan awo ba. Amma manhajoji irin su GROMACS da LAMMPS da Quantum ESPRESSO kyauta ne, akwai ma GenIce mai gina tsarin ƙanƙara iri-iri, kuma kwamfutar cinya mai ɗan ƙarfi tana iya ɗaukar ƙwayoyi 'yan dubbai. Wannan dama ce babba, kuma ina ƙarfafa wa matasanmu gwiwa su shige ta. Sai dai wanda bai taɓa tsayawa kusa da na'urar awo ba ya fi saurin yarda da hoton da ke allonsa. Alhali lambobin da aka auna a Grenoble da Oxford da Japan a wallafe suke, kowa yana iya ɗaukowa. Ina roƙon 'yan'uwana malamai masu duba kundin ɗalibai kada su sa hannu a kan aikin kwaikwayo sai sun ga lambar kwamfuta da lambar awo a jere, tare da bayanin wane ruwa aka auna, a wane zafi, wace lamba ce aka daidaita samfurin da ita tun farko, da kuma wuraren da aka saɓa, domin ɗalibi yakan so ya goge su saboda tsoron a ce aikinsa bai yi ba.

Ku ma 'yan jarida ina da roƙo a wajenku, Malam Edita. Idan labarin kimiyya ya zo muku daga kamfanonin dillancin labarai cewa an gano sabuwar ƙanƙara, ko sabon magani, ko sabon ƙarfe, ku taimaka ku bincika ko lissafa shi aka yi ko auna shi aka yi, ku kuma faɗa wa masu karatu a cikin layukan farko. Zan yi murna idan jaridar ta buɗe ɗan shafi na wata-wata da malaman kimiyya za su riƙa bayyana irin waɗannan bincike da Hausa, kuma a shirye nake in ba da tawa gudummawar.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani malamin kimiyyar sinadarai, mai karanta jaridarku